Muryar Yaya a Cikin Tsohon Kaset

Mun tashi da asuba daga Madina, ni da maigidana, kwana arba'in da uku bayan rasuwar yayana. Matarsa ce ta kira ni: za ta bar gidansu na unguwar Safa a Jidda, kuma ta tsinci wani kaset na bidiyo mai rubutun hannunsa. Na ce kada kowa ya taɓa, ina tafe.

Hanya lafiya lau, sai baƙaƙen duwatsu da raƙuma jefi-jefi. Mun tsaya a wani gidan mai muka ci ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis. Shayin ya yi tsada, ga shi ba zafi. Maigida ya yi ta mita, ni kuwa ban ji ɗanɗanon komai ba.

Tun muna yara a Jidda akwai wani shiri da ake nunawa a talabijin, na mutanen da ke yawo a sararin samaniya suna neman duniya mai ruwa. Da Larabcin littafi suke magana, Innarmu kuma ba ta jin sa sosai. Sai Yaya ya gano cewa bidiyonmu na iya ɗora murya a kan hoto. Ya sayi makirfo, ya mayar da kashi ɗaya Hausa don Inna. Bara aka sake yin shirin da sababbin 'yan wasa. Yaya ya ce in na zo za mu kalla tare. Ban zo ba.

Kafin azahar muka shiga Jidda, danshin teku ya tare mu tun daga bakin gari. Bayan gaisuwa da addu'a aka miƙo mini kaset ɗin. Ya yi fumfuna, kuma duk unguwar babu mai na'urar kunna shi. 'Yar Yaya, budurwa mai shekara goma sha tara, ta nuna mini sabon shirin a wayarta. Hoton ya yi kyau ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa.

Bayan la'asar muka nufi kasuwar haraji, inda ake sayar da tsofaffin kaya, can kudu wajen unguwar masana'antu. 'Yar Yaya ta biyo mu. Mun shiga rumfa bayan rumfa. Wani ya yi dariya ya ce mu je gidan tarihi. Wani ya kawo na'urar da ko wayar wuta ba ta da ita, ya rantse sabuwa ce. Maigida ya ce, "Halas, shi ke nan, mu haƙura." Na ce ya jira a mota in ya gaji. Bai tafi ba.

A ƙarshen layi muka sami wani dattijo, Bahaushen Sudan, yana gyaran rediyo. Ya juya kaset ɗin a hannunsa.

"'Yata, wannan ya ruɓe. Zan goge shi, amma sau ɗaya zai wuce, in ma ya wuce. Biki ne a ciki?"

"Muryar yayana ce, Baba. Ba mu da wata inda yake dariya."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauki auduga ya yi ta gogewa a hankali, kusan awa guda. Sannan ya ce, "Yalla, ku shirya wayoyinku."

Hoton ya fito yana rawa. Ga jirgin nan na kwali da muka ɗauka gaske ne. Wasu halittu masu koren kai suka tare shi, sai muryar Yaya, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ta cika rumfar: "Ku tsaya! Kowa ya fito da iƙamarsa! Kai mai hular ƙarfe, waye kafilinka?" Irin yadda 'yan sanda ke tare baƙi ke nan, suna neman takardar izinin zama da sunan wanda ya tsaya musu.

Daga baya-baya aka ji Inna tana dariya har da tari. Na manta tana cikin ɗakin ranar. Dattijon ma ya dara, ya kau da kai.

Minti goma sha ɗaya muka samu kafin zaren ya tsinke. Na ajiye wayar. Yarinyar ta riƙe mayafina, ta ce da Hausa, kalma ɗaya-ɗaya, "Gwaggo, Baba ne wannan? Me ya ce a ƙarshe?"

Na maimaita mata. Ta sa na sake.

Washegari muka koma Madina. Abin da na koya kaɗan ne: wanda ya ce ka zo, ka je, kuma ka ajiye muryar mutanenka tun suna nan.

Ranar Juma'a ta kira ni. Muka kunna sabon shirin, ita a Jidda ni a nan, muka kashe sautin, muka ɗora muryoyinmu da Hausa. Ni ce matuƙin jirgi. Ita ta ce a bar mata masu koren kai.