Minti Uku a Wayar Maigida

Ni na sa wa wayoyin ofishinmu iyaka da hannuna, ba zan ɗora wa kowa ba. A lokacin ina sakatariya a wani ofishin sayen kaɗanya da masara a Aboabo. Layi biyu ne kacal ke fita waje, tebura kuwa bakwai, ga shi mutanenmu in suka kama gaisuwa sai sun tambayi lafiyar awaki. Masu kawo kaya suka fara ƙorafin ba sa samunmu, Maigida ya ce in yi maganin abin.

Mai gyaran da ya kafa akwatin da ya haɗa wayoyin ya taɓa nuna mini yadda ake jona shi da kwamfuta. Na jona, na buɗe shafin, na rubuta cewa duk kiran da ya fita ya yanke bayan minti uku. Akwai gurbin da ake cire wayar da aka ga dama daga dokar. Na gan shi sarai, na ce sai anjima, na tafi cin abinci har ina yaba wa kaina.

Saura kwana shida Maigida ya tashi aikin Hajji, yana ta bin mutane yana neman gafara. Mutum ɗaya ya rage, yayansa, wanda suka shekara tara ba sa magana. In ya ga lambar salular Maigida ba ya ɗauka, shi ya sa aka kira shi da ta ofis. Ƙofar ofishinsa a buɗe take, ina ji. Aka ɗauka. Maigida ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon ƙafa, ya sake komawa kan iyali. Da ƙyar ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Yaya, abin da ya sa na kira ka..." Sai shiru.

Ya fito fuskarsa kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya ce, "Ya kashe mini waya."

Na dubi kwamfuta, ga shi a rubuce, minti uku cif. Na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Na cire dokar, muka sake kira har sau huɗu, ba a ɗauka ba.

Na ce a ba ni kwatancen gidan yayan nasa in je in yi bayani, ko Kumasi ne zan shiga mota. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce a Nyanshegu yake. Na tsaya ina kallonsa baki buɗe, don ta unguwar nake wucewa kullum in zan zo aiki.

Na goya kwamfutar a babur na tafi. Na sami tsohon a ƙofar gida, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan benci. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wallahi ba shi ya yanke ba, ni ce." Na juya masa allon ina nuna masa lambobi. Ko kallonsu bai yi ba.

Ya ce, "Na yarda, 'yata, inji ne ya yanke. Minti nawa kin yi a kan moton nan naki daga Aboabo?"

Na ce ba su kai goma ba.

Ya ce, "To. Ke kin zo."

Duk hanyar komawa raina a ɓace yake, ban ma san da wa nake fushi ba. Na maimaita wa Maigida maganar yadda aka faɗe ta, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallon wayar da ke kan teburinsa, sannan ya tambaye ni a hankali ko yayan nasa ya tsufa sosai.

Na ajiye masa makullin babur ɗina a gabansa, na koma wurin zamana.