Illela Biyu da Saniyar Baba

Gari bai gama wayewa ba muka bar Birnin Ƙonni, ni da abokiyar aikina da direbanmu. Masu shayi na tashar mota ma a lokacin suke hura gawayi.

Bari in fara da abin da ya fitar da mu. Akwai wani mataimaki na ƙirƙirarriyar basira da manoma da makiyaya ke tura wa tambaya da murya a waya. Shi kansa bai san komai game da yankinmu ba, sai ya jawo wasu ƙananan kayan aiki: wannan na duba yanayin sama, wancan na nemo likitan dabbobi. Kowane kayan aiki yana da ɗan bayani da maginansa suka rubuta, kuma da shi kaɗai mataimakin ke gane yadda zai yi amfani da shi. Aikina shi ne in auna ko bayanan nan sun fito fili. A buro, wato ofishinmu, duk sun yi mini kyau, shi ya sa na ce a je a gwada su a bakin mutane.

Kaka ce, gonakin Tsarnawa cike da dammunan gero, amalanke na ta kai da komo. A shinge wani jandarma ya leƙo ya tambayi kayan da muka ɗauko. Direba ya ce, "Tambayoyi ne, ranka ya daɗe." Jandarman ya yi dariya ya ɗaga mana igiya.

A Malbaza muka karya da ƙosai da kunu, sannan muka sami wani manomi da ya shanya harawar wake a fili. Ya tambayi mataimakin ko za a yi ruwa kafin ƙarshen wata. Mataimakin ya amsa masa cewa 'yan kwanakin gaba kawai yake iya hange, kuma a cikinsu bai ga alamar hadari ba. Na ji daɗi. Wanda ya rubuta bayanin kayan aikin nan ya faɗi iyakarsa, don haka mataimakin bai yi ƙarya ba.

Muka juyo ta mararrabar Tsarnawa muka nufi arewa. Hanyar ta jijjiga mu sosai, har abokiyar aikina ta rungume kwamfutarta kamar jaririya.

Mun tarar da kasuwar Illela tana ci. Muna shan fura a wajen wata Bafulatana sai mijinta ya iso, dattijo mai malafa, fuskarsa ba walwala. Saniyarsu mafi yawan nono ta daina cin abinci, yawu na zuba daga bakinta. Na miƙa masa wayar, ya yi tambayarsa, ya ce yana Illela. Mataimakin ya kwatanta masa wani likita, ya ce ya bi hanyar Ƙonni ya tsallaka iyaka.

Dattijon ya gyara sandarsa. "To, bari in nemi mai babur. In can magani yake, sai in tahi."

"Baba, dakata tukuna," na ce. "Wannan Illelar Najeriya yake nufi, ba tamu ba."

Muka sa shi a mota zuwa buron likitan dabbobi na garin, wanda ko nisan kirki babu. Likitan ya ɗauki jakarsa suka wuce ruga a kan babur.

Ni kuma na zauna a inuwar wata bishiyar bedi na buɗe bayanin kayan aikin neman likitan. Layi ɗaya ne tak: a ba shi sunan gari, ya nemo likita mafi kusa. Bai ce a haɗa da sunan ƙasa ba, bai faɗi abin da za a yi ba idan garuruwa biyu suka yi suna ɗaya. Sau nawa na karanta layin nan a Ƙonni ban ga aibunsa ba! Muka rubuta gyara: a sa jiha da ƙasa, in kuma akwai shakka a tambayi mai magana kafin a ba shi amsa. Muka tura wa maginan, muka kwana a garin.

Da safe suka ce sun gyara. Na koma wajen mai furar na roƙe ta ta gwada da bakinta. Wannan karon mataimakin ya tambaye ta, "Illela ta Tawa ko ta Sakkwato?"

Ta riƙe haɓa. "Yanzu kam ya yi hankali." Ta ce an yi wa saniyar allura, har ta fara taɓa dusa. Ta cika mana jarka da nono, ta ƙi karɓar komai.

Mun shiga Ƙonni da la'asar, a gajiye. Abin da na koyo shi ne, mataimakin nan baƙo ne a ƙasarmu, iya abin da aka rubuta masa ya sani. Yanzu duk bayanin da ya zo teburina, ba kyawun jimlarsa nake fara dubawa ba. Tambayar kaina nake yi: idan aka bi wannan layin kamar yadda yake, ina zai kai mutum?