Gyaɗar da Ake Bar wa Gida

Shekarun baya can, ina aji uku a jami'a ina karatun ƙananan halittu, na zo hutu gida Tudun Kaya, kaina fal da boko. Na tarar ana tsince gyaɗa. Yadda aka saba, mai kyau a kai kasuwar Karaye, wadda ta yi fumfuna a bar wa gida. Da ita mahaifiyata ke dama wa 'yar yayata kunu, yarinyar da ba a daɗe da yayewa ba, ragowar ta daka wa agwaginta.

Na ce, "Inna, fumfunar nan guba take zubawa a cikin gyaɗa. Hanta take ci, tana kuma tsumburar da yara."

"Sannu likita!" in ji ta. "Ai sai na soya. Me ya gagari wuta?"

Na ce wuta na kashe fumfunar, amma gubar ba ta jin wuta. Har sunanta na zaro da Turanci, wai ni a dole masani. Yayata ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ana haka sai na ji Inna na mitar 'ya'yan agwaginta, wai kowace ƙyanƙyasa sai sun bi juna sun mutu. Ni kuwa an koya mana cewa su ne gubar nan ta fi saurin kayarwa. Na ce, "Inna, waɗanda aka ƙyanƙyashe jiya, a ba su dusa zalla. Kunun yarinyar kuma a dama da mai kyau, mu gani." Ta ce ta yarda, don dai in bar ta ta sha iska.

Bayan mako uku ta kira ni tsakar gida. 'Ya'yan agwagin suna nan cif, ko ɗaya bai faɗi ba. Na taho ina washe baki, ina jiran a ce na yi gaskiya. Ko kallona ba ta yi ba, jikarta take kallo.

"Wato abin da ke kashe mini agwagi nake dama wa yarinyar nan da hannuna?"

Ta sa na haƙa rami a bayan gida, ta juye sauran gyaɗar mai fumfuna da kanta.

Yarinyar tana sakandare yanzu, har ta kere uwarta tsawo. Ban taɓa shakkar abin da na faɗa ba, gobe ma zan maimaita. Amma wallahi har yau ina jin kunyar wannan washe bakin da na yi a gaban Inna.