Layi na Uku a Takardar Yaya

Yayata tela ce, kuma duk wanda ya taɓa kai mata ɗinki ya san ba a cin ta da surutu. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keke biyu, teburin yanka, madubi mai tsaga a gefe, da bencin da masu jira ke zama su sha faɗa kyauta. In ka ce mata, "Ai haka kowa ke ɗinkawa yanzu," sai ta zare tef daga wuya ta ce, "Ina kowan yake? Kawo shi in auna shi." Tun tana da shekara goma sha huɗu take taka keke. Da shi ta yi min makaranta, da shi ta riƙe 'ya'yanta uku bayan rasuwar mijinta.

Direba muke ce wa mijin, don motar ma'aikatan wani kamfani yake ja. Wata safiya ya tura babur zai tafi aiki, Yaya ta hango maɓallin rigarsa na reto. Ta ce mijin tela ba zai fita haka a yi da ita ba. Ya ce ya makara, ta ce minti biyar ne. Yana tsaye, rigar na jikinsa, ta ɗinke maɓallin, ta gutsure zaren da haƙori. A mararrabar da ke gaban gidan mai wata tirela da birki ya ƙwace wa ta same shi. Ko asibiti bai kai ba.

Kowa ya ce mata kwana ne ya ƙare, ta ce ta sani. Bakinta ya sani, zuciyarta kuwa ta riga ta yanke hukunci: ita ta tsayar da shi, ita ta kashe shi. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Yaya nata kaɗai take hange.

Ni ma ina da nawa, ban taɓa gaya wa kowa ba. A safiyar nan, bayan ya bar gida, na tare shi a bakin layinmu, na roƙe shi ya kai min dutsen guga wurin mai gyara. Sai da na koma ciki na ɗauko, na nemo leda, muka ɗaure a bayan babur. Ya fi minti biyar. Shekara tara ina kallon Yaya tana cin kanta, na yi gum, don tsoron kada ta juyo da wannan hukuncin kaina. Ina jin kunyar wannan shirun har yau.

Da autarta ta gama sakandare, sai Yaya ta ce za ta shiga kwaleji ta samo takardar koyar da ɗinki. Na ce, "To, gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi." Ta jefe ni da ƙyalle. Cikin darussan da aka tilasta musu har da falsafa, ɓangaren koyon kafa hujja. Makon farko ta dawo tana mita, wai me ya haɗa almakashi da falsafa. Mako na uku kuwa mun shiga uku. Ba ka isa ka ce "kullum" ko "duk mata" a gabanta ba, sai ta ce ka kawo dalili. Mai kawo mata zare ya ce nasa ya fi ƙarko saboda shi aka fi saye. Ta ce, "Yawan masu saye hujjar araha ce, ba ta ƙarko ba." Mutumin ya dube ni, ya tambaya ko lafiya.

Abin da ya kama ta shi ne yadda Malamarsu ta falsafa ke aiki. Ba ta cewa magana daidai ce ko kuskure. Sai ta sa a shimfiɗa ta layi-layi, kowane dalili da layinsa, hukuncin a ƙasa, sannan a bi ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta ce, "Ashe farke ɗinki ne. Ka bi zare har ka ga inda allura ta tsallake."

Aka ba su aikin gida: kowa ya ɗauko wata magana daga jarida ya shimfiɗa ta haka. Yaya ba ta sayen jarida sai don yanka samfurin hannun riga. Sai ta rubuta tata maganar. Na ɗaya: na tsayar da shi minti biyar. Na biyu: da ban tsayar da shi ba, da ya wuce mararraba kafin tirela ta iso. Saboda haka ni na kashe shi.

Ranar Asabar da rana na leƙa shagon, na tarar ba kowa, ita kuma ta tasa takardar a gaba a kan teburin yanka. Ta ce in zauna in ji. Malamar ba ta ba ta maki ba, kuma ba ta rubuta mata "ki yi haƙuri" ba. Da jan biro ta rubuta cewa layi na ɗaya gaskiya ne, na biyu ma mai yiwuwa gaskiya ne, amma su biyun ba su isa su haifi wannan hukuncin ba. Akwai layi na uku da Yaya ta dogara da shi ba ta rubuta ba. Ta ce Yaya ta nemo shi, sannan ta gwada shi a kan wani mutum daban.

"Kwana huɗu ina nema," in ji Yaya. "Ga shi." Ta karanta a hankali: "Duk wanda ya tsayar da mutum, shi ke da alhakin abin da ya same shi a hanya."

"To kin gwada wa wani?"

"Wa zan gwada wa? Riga ce da aka yanka da awona. Ba wanda ya tsayar da shi sai ni."

Na dubi ƙofa, na ga a buɗe take, ba abin da zai hana ni tashi. Na ce, "Yaya, akwai."

Na gaya mata komai, har ledar da na tsaya nema. Ban iya kallon fuskarta ba, ƙafar keke nake kallo. Da na gama sai na ji ta ja kujera ta matso.

"Ke, wannan ne kike ɗauke da shi?" ta ce, da muryar faɗan da take yi min tun ina ƙarama. "Ina kika san tirela na tafe? Dutsen guga kika ba shi, kamar yadda kowa ke aiken ɗan'uwansa. Mai birkin da ya lalace yana can, ke kin zauna kina…"

Ta tsaya. Ta dubi takardar, ta daɗe tana dubawa.

Na ce, "Ke ma maɓalli kika ɗinka masa, Yaya."

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suka fara rawa. Na rungume ta, muka yi kukan da ya kamata mu yi tare tun shekara tara da suka wuce. Wata mata ta leƙo da yadi a hannu, ta gan mu, ta ja mana ƙofa ta koma.

Can Yaya ta share ido da gefen mayafi, ta ce in miƙo mata biro. Ta ja layi a kan na uku, sannan ta sauko kan hukuncin. A nan ta ɗan tsaya, biron na sama.

"In na bar shi, har da ke zai ci," ta ce.

Ta soke shi. Layin ya fita a karkace, ta bar shi haka.