Takardun Malam a Cikin Katifa

Shekarun baya, tun ba a yi Jihar Neja ba, maigidana ya ajiye aikin reluwe a Badun, muka tashi komawa gida Kontagora. Kayan ɗaki, har da gado da keken ɗinkina, muka ba wani kamfani mai manyan motoci. Suka ce kwana huɗu, fam takwas. Malam ba ya nan, ni na dangwala yatsa a takardarsu.

Ni ba na yarda da kowa, haka Allah Ya yi ni. Na ji ana yanke jakar fasinja a hanyar Jebba, sai na buɗe akwatin ƙarfen Malam, wanda makullinsa ke wuyana, na kwashe takardunsa kaf, tunda ban san mai amfani da marar amfani ba. Na farke tsohuwar katifarmu ta rimi, na cusa su, na ɗinke, aka loda ta a motar kaya. Ban gaya masa ba. Wai ni mai dabara.

Muka iso, sati biyu babu mota. Rannan Malam yana cin tuwo ya ce, “Litinin ta sama zan kai takarduna Minna. Wanda bai kai ba, ba shi ba fansho. Suna akwati ko?”

Na ce, “E, Malam.” Aikin shekara talatin ke nan, kuma ba mu da gona.

Kullum ina tasha wajen akawun kamfanin. Yau taya ta fashe a Mokwa, a ƙara fam biyu. Gobe direba ya ratse Salka ɗaukar dawa. Da motar ta iso, sai suka kulle kayan a sito, wai akwai kuɗin ajiya na kowace kwana. Na ce ba mu yi haka da su ba. Akawun ya ɗaga takarda ya ce, “Uwargida, wannan yatsan na wa?” Ya ce in Juma’a ta wuce, gwanjo.

Na leƙa ta ramin ƙofa. Ga katifata a ƙasa, buhunan mutane a kanta, kwanon rufi na yoyo, damina ta sauka. Ban isa in ce masa ga abin da ke ciki ba, don ranar kuɗin zai ninka. Malam kuwa, ko idonsa na kasa kallo.

Ran Alhamis na ɗaure fuska na koma. Na ce, “Akawu, riƙe keken ɗinkin da gadon. Tsohon nan bayansa ya ƙi tabarma, ba ni wancan tsumman katifar.”

Ya jawo ta, ya danna daidai inda na ɗinke. Wani abu ya yi ƙaras.

“Me ke ƙara a ciki?”

Na ce, “Ɓeraye. Sa hannu ka gani.”

Ya janye hannu, ya tura mini ita da ƙafa.

A ka na ɗauko ta har gida. Da Malam ya tafi la’asar na farke ta a bayan madafa. Takardun sun yi sanyi, kuma ashe ban yi ƙarya ba: ɓera ya cinye rabin guda ɗaya. Wacce ce? Ban sani ba. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, duk ɗaya ne a wurina. Na mayar da su akwati na kulle.

Kwana uku Malam ya yi a Minna, ina zaune bakin zaure ina kallon hanya. Da ya dawo ya sha ruwa, ya ce an karɓa. Sannan ya zaro cinyayyiyar ya ce, “Lasin kekena ne na da.” Ya dube ni ya daɗe. “Ɓeran da ya shiga akwatin ƙarfe a kulle, lalle babban ɓera ne.” Har ya rasu bai ƙara tayar da maganar ba.

Keken ɗinkin dai an yi gwanjonsa, ban kuma sake samun wani ba. Jikokina suna cewa na cika sa ido, gaskiyarsu. Amma tun daga ranar, duk abin da zan ɓoye sai na gaya wa mutum ɗaya inda yake.