Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Ɗan farina ne, don haka ba zan faɗi sunansa ba. Yana shekara biyu shan inna ya taɓa masa hannun dama. Hannun ya tsaya ƙarami, ya lanƙwashe a gwiwa, amma kan yaron ras yake. Na yi makarantar 'yan mata a Sakkwato, in na ga mai kan karatu ina gane shi.

A garinmu, can ƙasar Tambuwal, in En'e za ta ɗebi yara elementare ba a tambayar shekaru, don ba wanda ya rubuta. Yaro zai ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓo, ya isa. Iyaye da yawa har koya wa 'ya'yansu noƙe hannu suke yi, kada boko ya ɗauke su. Nawa kuwa miƙawa yake iya ƙarfinsa. Shekara biyu mahaifinsa na kai shi, ana cewa sai baɗi. Ya roƙa a gwada da hagu, aka ce da dama aka saba. Maƙwabta kuma suna shigowa yi mini barka, wai Allah ya tsare mini ɗa.

Bana na yi abin da har yau nake nadamarsa. Kowace safiya in maigida ya fita, sai in shafe hannun da man shanu, in ɗaga shi bisa kai in yi ta ja. Yana cije leɓe, ba ya kuka. Saura kamar yatsa biyu ya kai. Ran nan na ƙara ƙarfi, sai na ji ƙas. Ko ihu bai yi ba. Kallona kawai ya yi, hannun na reto.

A kan jaki na kai shi Kebbe gidan goggona, don akwai tsohon maɗori a unguwarsu. Tsohon ya shafa ƙashin, ya ɗago kai.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ce, Baba."

"Ke? Igiyar guga kika ɗauke shi, ɗiyata?"

Na faɗa masa komai ina kuka. Bai ƙara yi mini faɗa ba. Ya gama ɗorinsa da kara da tsumma, sannan ya aika a kira ƙanensa, malamin makarantar garin, wanda ya yi kiwo kafin ya yi boko.

Malam ya zo, ya durƙusa gaban yaron.

"Buɗe baki, samari."

Ya ɗaga masa leɓe da babban yatsa, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ya yi famfara tuni. Ga na girma fuɗu sun fito. Ni baki nika dubawa, kamar na maraƙi. Wanga ai har ya so ya wuce lokacin shiga."

Na ce, "Malam, da hagu fa zai yi rubutu." Na san yadda ake bugun 'yan hagu, a gabana aka sha yi.

"To da mi za shi yi, da ƙafa?"

Goggo ta fashe da dariya. Ni dai sai na zauna a ƙasa.

Da ɗorin ya kama, Malam ya sa shi aji ɗaya. Ya ba shi ƙarshen benci ta hagu, don kada gwiwar hannunsa ta riƙa turin na kusa. Kebbe da nisa, dole ya zauna wajen goggo, na dawo gida ni kaɗai. Ranar da zan taho na miƙa hannu in gyara masa wuyan riga, ya ja da baya kaɗan, sannan ya tsaya ya bar ni na gyara.

Ban san da me zan saka wa mutanen nan biyu ba. Kowace salla dai ina sa su a addu'a. Goggo ta aiko cewa yanzu har ya iya rubuta sunansa, kuma duk bangon ɗakinta ya cika shi da gawayi.