Sabar da Babakura Bai Ƙarasa Ba

Babakura mutumin Bama ne, malamin kwamfuta a wata sakandare. Da aka ci garinsu, ya iso Gombe da matarsa Hamida da yaransu da kwamfutarsa a goye cikin zani, suka kama ɗaki a unguwar Barunde, gidan wani dattijo, Malam Hamman.

Koyarwa ba ta samu ba. Sai ya shiga ayarin wasu masu rubuta manhaja a intanet, mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, suna haɗa laburare, wato tarin kayan gina manhaja, da kowa zai ɗauka kyauta. Aka ba shi sashen saba, wato abin da ke zaune yana jiran buƙata daga wayoyin jama'a, ya karɓa, ya mayar da amsa. Ɗan yanki guda ne, wanda ake kira kilas a yaren sana'ar, amma a kansa sauran aikin zai hau. Babakura ya duƙufa. Yana fatan idan ya yi kyau, wani kamfani ya ga sunansa ya neme shi.

Netwok ba ya shiga ɗakin, don haka ya ɗaure modem, na'urar kamo intanet, a kan gora ya kafa bisa katanga. Maƙwabta suka fara kallo. Baƙo daga Borno, ba ya zama a majalisa, kullum yana ɗaki gaban baƙin allo mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa.

Ranar da bam ya tashi a tasha, unguwar ta rasa mutum biyu. Ana dawowa daga maƙabarta samari suka cika ƙofar gidan.

"Da wa kake magana da wannan gorar?" in ji ɗaya, wanda yayansa aka binne.

Babakura ya buɗe kwamfutar. "Saba nake rubutawa. Tana karɓar saƙo ne ta..."

"Kun ji ko! Saƙo!"

Malam Hamman ya ratso ya tsaya a tsakani. "'Ya'yana, sai dai ku fara da ni. A gidana ba a zubar da jini."

Ran Babakura ya tsira, amma kwamfutar sai da suka farfasa ta da taɓarya. Bayan la'asar dattijon ya same shi, idonsa a ƙasa.

"Malam, na san ba ka da hannu. Amma gobe ban san ko za su ji maganata ba."

Suka kwashe 'yan komatsansu suka koma unguwar Kagarawal. Rabin aikin da ya riga ya tura, wani a wata ƙasa ya ƙarasa shi, bayan abokan aikin sun yi ta cigiyarsa shiru. Babakura ya gani a wayar aro, bai amsa ba.

Yanzu gyaran waya yake yi a wata rumfa bakin titi. In an tambaye shi daga ina, sai ya ce nan kusa. Hamida ta taɓa cewa su yi adashi a sayi wata kwamfutar, ya ce a bari tukuna, yara sun fara makaranta.